Yadda Za Ka Fi Matarka Sanin Saiwar Fayin

Idan matarka ta yi karatu har an fara ce mata Dakta, kai kuma ’yan unguwa sun laƙaba maka Mijin Dakta, share hawayenka, an samo magani. Bi waɗannan matakai takwas sau da ƙafa, cikin mako biyu za ka fi ta sanin abin da ta shekara biyar tana bincike a kai, ba tare da ka buɗe ko shafi ɗaya ba. Babu ko tantama. An gwada hanyar a kan Dalhatu mai maganin feshi na bakin kasuwar Gumel, ta kuma yi aikin da har yau ake labarinsa daga Maigatari zuwa Gagarawa Tasha.

Mataki na ɗaya: Ka fara da jin haushi

Ba a shiga wannan harka da farin ciki. Shi ma Dalhatu da farko murna ya yi. Matarsa Khairiyya malamar kimiyyar halittu ce a wata makarantar ’yan mata. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin Gumel da jami’a har ta kammala, aka yi walima, aka yanka rago. Duk wanda ya zo taya murna sai Dalhatu ya dafa ƙirji ya ce, “Ai ni na bar ta.” Kai ma ka riƙe wannan magana, ba ta tsufa. Wanda ya buɗe ƙofa ai ya fi wanda ya yi tafiyar shan wahala.

Abin ya ɓaci ne ranar da Malam Barau tela ya tare shi a ƙofar masallaci bayan la’asar, jama’a na saka takalma.

“Mijin Dakta, an fito?”

Aka yi dariya. Dalhatu ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙora ba. Shekara goma sha takwas yana sayar da taki da maganin ƙwari, manoma na tasowa tun daga Ɗanzomo su tambaye shi abin da za su fesa wa wake, yau ga shi sunansa ya koma jelar sunan wata. Idan ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji kamar gayan tuwon jiya, ka shirya. Wuce gaba.

Mataki na biyu: Kalma uku sun ishe ka

Kada ka kuskura ka karanta littafin da ta rubuta. Yana da kauri, kuma cikinsa duk hotunan wasu korayen zarurruka ne a kan baƙi. Tambaya za ka yi, amma ka san inda za ka yanke.

Da safe Khairiyya na zuba masa koko ya ce, “Maman Bilal, wai shi karatun nan naki, a taƙaice me aka gano?”

Fuskarta ta washe. Shekara biyar ba wanda ya yi mata wannan tambaya a gidan. Ta ajiye ludayi ta jawo kujera ’yar tsugunno.

“Ka ga kowace saiwa da ƙananan ɗakuna aka gina ta, ido ba ya ganinsu, su ne ƙwayoyin halitta. A can bakin saiwar kowane ɗaki rabuwa yake yi gida biyu, da haka take yin tsawo. To a cikin kowane ɗaki akwai wasu siraran zarurruka, maikirotubul ake ce musu, su ne ke...”

“Tsaya. Mai me?”

“Maikirotubul.”

“Ita bishiyar fa?”

“Fayin. Tana cikin dangin jimnosfam, waɗanda ba sa fure, irinsu a fili yake zaune ba a cikin ɗa ba. Ma’anar sunan ma ke nan, iri tsirara. Abin da na duba shi ne yadda...”

“Ya isa, na gane.”

Ya kurɓe kokonsa ya hau babur, yana maimaita kalmomin biyu har kasuwa don kada su zube a hanya. Ta ukun dama yana da ita a aljihu, wato “a kimiyyance”. Ilimi kamar kanwa ne, kaɗan ake jefawa. Mai zuba da yawa shi ke ɓata miya.

Mataki na uku: Duk tambayar da aka yi mata, kai za ka amsa

A makon nan mahaifiyarsa, Inna Sabuwa, ta zo daga Gagarawa tana ɗingishi. Tana zama a tabarma ta miƙe ƙafa.

“’Yar nan, tunda kin zama likita, duba mini gwiwar nan.”

“Inna, ai ni ba irin wannan...”

“A kimiyyance,” in ji Dalhatu daga bakin ƙofa, “maikirotubul ɗin gwiwar ne suka saki. Amma ita ba fanninta ba ne, Inna. Ita karatun bishiya ta yi, mai iri tsirara.”

Inna Sabuwa ta saki gwiwar ta kama haɓa.

“Tsirara? Shekara biyar? Dalhatu, kana raye aka yi haka?”

Khairiyya ta buɗe baki za ta yi bayani, ya ɗaga mata hannu. Kai ma haka za ka yi. Mace idan ta fara bayani ba a san inda zai tsaya ba, wata rana sai mutane su fahimta.

Mataki na huɗu: Masani ba ya fita hannu rabbana

A bayan ɗakin girki Khairiyya na da ’yar rumfar zana da ta lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna. A ciki akwai ’ya’yan fayin arba’in cikin baƙar leda, kowanne bai fi taƙi ɗaya ba, ganyensa kamar allurai. Daga Jos ta ɗauko su, wata takwas tana rainonsu a ƙasar da ba tasu ba. Ta fitar da su daga zafin bazara da ƙyar, da damina ta sauka kuma ruwan sama take tarar musu a roba.

Ba ado ta ajiye su ba. Ta aika bincikenta wata mujallar masana ta ƙasar waje, suka ce ya yi, amma sai ta ƙara gwaji ɗaya kafin ƙarshen wata. Idan aka buga, akwai gurbin koyarwa a jami’a da take nema, kuma ba sa duba wanda ba a buga aikinsa ba. Duk abin da take bukata a jikin shukokin shi ne ɗan farin tsinin saiwa, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, domin a nan ne kawai ɗakunan ke rabuwa.

Ranar Laraba ta ce masa, “Baban Bilal, don Allah a kula mini da rumfar nan, kada akuya ta shiga. Asabar zan yanki saiwoyin, Litinin in kai su Kano.”

Ka lura da kyau, akuya ta ce. Kai ba akuya ba ne, saboda haka maganar ba ta shafe ka ba.

Alhamis da safe, tana fita makaranta, Dalhatu ya jera ledojin arba’in a kwali biyu, ya ɗora su a bayan a-kori-kura kan buhunan taki, aka nufi kasuwar Maigatari.

Mataki na biyar: Gani ya kori ji

Nemi inda rana ta fi buɗewa, don kowa ya gani. Dalhatu ya jera shukokin a gaban rumfar da yake kasa kaya a can ranar kasuwa, nesa kaɗan da karar shanu, ya hau benci ya gyara hula. Kafin hantsi mutane sun taru, domin ba wanda ya taɓa ganin bishiya mai kama da tsintsiya.

“Jama’a, wannan ita ce jimnosfam! Mun shekara biyar muna bincike a kanta.”

Kada ka manta da “mun”. Ita ce ginshiƙin aikin.

Ya kama ɗaya ya fizge ta daga leda, ya kaɗe ƙasar a gefen benci, ya ɗaga sama. A jikin saiwar akwai wasu fararen zarurruka kamar saƙar gizo.

“Kun ga wannan farin? To shi ne maikirotubul. A kimiyyance, shukar da ba ta da shi ba ta yabanya. Geronku ma da kuke gani ya tsumbure, rashinsa ne. Wannan takin ruwa da ke hannuna shi ke ƙara shi.”

Wani falke daga Damagaram ya karkato kunne, ya kira shi da “malam” ɗinsu na Faransanci. “Mushe, mai tubali ka ce?”

“Maikirotubul!”

“To ai shi na ce. Ku zo ku ga Mai Tubali!”

Kafin azahar sunan ya zaga har wajen masu raƙuma. Duk ayarin da ya zo sai Dalhatu ya tuge sabuwa ya nuna, ya miƙa a taɓa, a shinshina, sannan ya cusa ta cikin leda da babban yatsa. Zuciyarsa fari ƙal. Ranar ba wanda ya ce masa mijin kowa.

Cikin masu kallo akwai wani dattijo, Arɗo Sha’aibu, daga wata ruga kusa da Ɗanzomo, wanda ya zo sayen maganin kaska. Ya matso dogare da sanda ya yi tambaya.

“Malam, akuya na cin ganyenta?”

“Ba ta ci.”

“Tana ’ya’ya?”

“A kimiyyance, ba ta yi.”

“To laifin me ta yi maka kake tuge ta?”

Aka fashe da dariya. Arɗo bai yi ba. Ya nuna shida da suka rage a ƙarshen kwali, waɗanda hannu bai kai gare su ba tukuna.

“Ba ni waɗancan, tun ba ka kashe su ba.”

Dalhatu ya dubi jama’a, ya ga dama ta samu. “Ɗauki, Arɗo, kyauta! Ilimi ai ba a rowarsa.” Kyauta da kayan wani ta fi kowace kyauta sauƙin fita, kuma ana yaba ta daidai da sauran.

Mataki na shida: Ba da haƙuri ba tare da ka ba da haƙuri ba

Da la’asar sakaliya ya shigo gida da kwalaye. Khairiyya na tsaye a bakin rumfar da ba komai a cikinta, ko mayafin makaranta ba ta cire ba. Ya dire kayan a gabanta. Allurai sun langaɓe, wasu sun fara ja.

Ta durƙusa ta ɗaga ɗaya, ta fito salin-alin ba tare da an ja ba. Ta juya saiwar a tafin hannu. Duk tsinin ya guntule. Ta ajiye ta ɗauki ta biyu. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har talatin da huɗu.

A nan ne ake gane gwani. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, saboda haka kada ka bari shirun ya yi tsawo. Dalhatu ya fara da rana, ya ce ta yau ta fi ta kullum. Ya koma kan direba, ya ce bai iya kauce wa rami ba. Da ya ga ba ta ɗago ba sai ya fito da babban makami.

“Ke ba ki san tallar da na yi wa aikinki ba. Har mutanen Damagaram sun ji labari. Kuma a zuba musu takin ruwan nan, kwana biyu sun farfaɗo.”

“Saura shida,” in ji ta.

“Na yi kyauta da su.”

“Wa ka ba?”

“Wani Arɗo, a wajen Ɗanzomo.”

“Ka tuge su?”

“Ban kai kansu ba.”

Ta miƙe ta kaɗe gwiwa. “Gobe da sassafe za ka kai ni.”

Ta shige ɗakin girki. Can ya ji tana daka. Ya san ɗan barkonon da ke turmin bai wuce cikin hannu ba, amma taɓarya ta yi ta sauka har aka kira magariba. Ya ɗan ji wani abu ya motsa masa a ciki. Idan kai ma ka ji irinsa, sha ruwa, yana wucewa.

Mataki na bakwai: Idan ta fara bayani, riƙe kwalba

Sun isa rugar da hantsi, bayan sun yi tambaya sau uku, babur na tafiya a yashi tsakanin gonakin gero. Matar Arɗo, Rahama, ta jera ledojin shida a gindin wata tsamiya, ta yafa musu jiƙaƙƙen tsumma. Suna tsaye cas.

Khairiyya ta yi hamdala a fili. Ta gaisa, ta faɗi abin da ya kawo ta, ta roƙi a ba ta aron su na ɗan lokaci. Ta tsaga leda da reza a hankali, ta wanke ƙasar cikin ƙwaryar ruwa, fararen tsinaye suka bayyana lafiya lau. Ta miƙa wa Dalhatu wasu ƙananan kwalabe masu ruwan magani.

“Riƙe. Kada ka karkata.”

Ya riƙe. Tana yanka tana jefawa. Arɗo ya tsuguna yana kallo.

“Malama, wannan farin zaren na jiki, shi ne tubalin da maigidanki ya nuna mana?”

“A’a, Baffa. Wannan fumfuna ce, tare suke zama da saiwar, tana taya ta shan ruwa. Zaren da nake nema ido ba ya ganinsa. Sai ka jera wajen dubu uku kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Sai an rina su, an duba da madubi mai ƙara girma.”

Dalhatu ya yi gyaran murya. “Wato a kimiyyance...”

“Malam, kwalbarka na zuba,” in ji Arɗo, bai ko dube shi ba. “Ina jin ki, Malama. Aikin me suke yi?”

“Idan ɗaki ɗaya zai zama biyu, su ne masu rabon. Da farko sai su taru su yi ɗamara a ƙugun ɗakin, su shata inda za a yi katanga. Sai ɗamarar ta ɓace, ba ko alama. Su sake jeruwa kamar zare a mazari, su ja kayan gadon ɗakin, rabi nan rabi can, ba cuta. Daga nan su koma tsakiya su fara gina katanga, daga tsakar ɗaki tana faɗaɗa zuwa gefe.”

Rahama ta tafa hannu. “Daga tsakiya? Wace mai hankali ce za ta fara kafa bukka daga tsakiya?”

“Haka suke yi, Goggo. Kuma katangar ba ta kuskure, sai ta je ta haɗe daidai inda ɗamarar nan ta taɓa zama. An daɗe da ganin haka a albasa da alkama. Ni ina duba ko tsofaffin bishiyoyin nan marasa fure su ma haka suke yi, da inda suka saɓa.”

Arɗo ya yi ta zane a ƙasa da tsinke. “To wa ke tuna musu wurin, bayan alamar ta goge?”

Khairiyya ta ajiye reza ta dube shi. “Baffa, tambayar da ta hana masana barci ke nan. An san wani abu, ba a gama sani ba.”

“Ikon Allah,” in ji shi. Ya juya ga Dalhatu. “Ka ji, ta ce ba ta gama sani ba. Kai kuwa jiya ba abin da ka ce ba ka sani ba.”

Dalhatu ya duƙar da kai kan kwalabe. Wannan ma dabara ce. Mai riƙe da kwalba ba a tsammanin amsa daga gare shi.

Mataki na takwas: Nemi sunanka a takarda

Shidan nan da ƙyar suka isa, amma sun isa. Khairiyya ta kai kwalaben Kano, ta yi kwana tara a ɗakin gwaji, ta aika ana saura kwana ɗaya wa’adi ya cika. Bayan an gama girbi aka buga aikin, gurbin jami’ar ma ya samu. Talatin da huɗun kuwa, duk da takin ruwa, sun bushe ƙayau, an hura wuta da su.

Masani ba ya ja da baya. Dalhatu ya sa aka buga masa takardar a shagon kwamfuta, ya kai ta rumfarsa ya baje a kan tebur, daidai lokacin da Malam Barau tela ke wucewa.

“Zo ka ga aikinmu ya fito a Turai.”

Barau ya saka tabarau. Ya taɓa yin sakandare, Turancinsa na duba awo ne amma yana kai shi. Ya bi shafi na farko da yatsa.

“Sunanta kaɗai na gani, da na malaminta.”

“Duba ƙarshe, wajen godiya. A nan ake sa manya.”

Barau ya juya shafuka har ƙarshe, ya karanta a hankali yana mayarwa da Hausa, masu sayen taki sun kasa kunne.

“Ta ce tana godiya ga Arɗo Sha’aibu da maiɗakinsa Rahama, na wajen Ɗanzomo, waɗanda suka ceci shukoki shida bayan wani hatsari da ya hallaka sauran.”

“Ci gaba.”

“Ya ƙare.”

Dalhatu ya karɓe takardar ya duba da kansa, ya juya bayanta, fari fat. “Masu bugawa ne suka tsallake. Ka san Turawa da sunayenmu.”

Barau ya cire tabarau ya ninke, ya sa a aljihu.

“Ba su tsallake ba, Dalhatu, ga ka nan an sa ka. Kai ne hatsarin.”

A kula

Mai wannan jagora bai san ka ba, bai san matarka ba, bai kuma aike ka bayan ɗakin girkin kowa ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da sabon suna a kasuwa, ko aka daina faɗa masa ranar da za a yi abu a gidansa, ko ya ga an sayo kwaɗo an datse wata rumfar zana an rataya makullin a wuya, to shi da ƙafarsa ya je. Kada a kawo ƙara, kada a aiko dattawa. Mai neman ƙarin bayani a kan saiwar fayin ya tambayi Dakta, ya kuma bari ta kai aya.